Irin Dawar Muntari

Muntari mutumin Saji ne, manomi, kuma taubashina, don haka tun muna yara nake tsokanarsa yana ramawa. Gajere ne mai ƙaton kai, hula ba ta taɓa zama masa daidai ba. Abin da aka san shi da shi shi ne irin dawarsa, kaura ja da ya gada wajen mahaifinsa. Kowace kaka sai ya zaɓi zangarniya masu kyau ya rataye a ɗakin girki, hayaƙi ya kore musu ƙwari. Ka roƙe shi rigar jikinsa, zai tuɓe maka. Ka roƙi irin nan kuwa, sai ya fara tambayarka lafiyar iyali.

A daminar shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, matarsa Ramlatu ta rasu wajen haihuwa, ita da jaririn. Aka yi zaman makoki aka watse. Muntari ya daina rama tsokana. Na ce masa, "Kai mai kan tulu, bakinka ka sayar ne?" Ya ce, "Na gaji ne, ɗan'uwa." Kowa ya ba shi haƙuri, haƙurin kuma ya yi masa yawa har ya daina magana.

Bayan an kai amfani gida sai ya shiga bin mutane gida-gida yana neman yafiya. A wajenmu wannan ba abin mamaki ba ne, duk mai shirin tafiya cirani haka yake yi. Mata suka yi ta ba shi sautu. Liman ya yi masa addu'ar hanya. Har murna aka yi, wai ya farfaɗo.

Kawu, Bafulatanin da shanunsa ke cin karan gonar Muntari, shi ne ya same ni a kasuwar Rano, buhu a kafaɗa, fuskarsa ba annuri.

"Malam, ina taubashinka zai je?"

"Kudu mana. Ko kai ma sautun ne?"

Ya buɗe buhun. Zangarniyar nan ce, baƙa ƙirin da hayaƙi, duk gaba ɗaya.

"Ya ce in riƙe. Na ce na ajiya ne? Ya ce na ci ne. Mai dawowa da damina ba ya kyauta da irinsa."

Nan take muka hau acaɓa mu biyu da buhun. Da muka isa, Muntari ya riga ya cutar da kansa. Yadda ya yi ba zan rubuta ba. Muka kai shi asibiti, likita ya ce da mun ƙara jinkiri sai dai wanka. Ya rayu, amma jikin bai koma daidai ba, ko fartanya ba ya iya riƙewa. Wasu suka ce aljanu ne, wasu suka ce raunin imani, suka daina zama kusa da shi a masallaci.

Kawu ne ke shuka irin yanzu. Duk kaka yakan kawo zangarniya, ya rataye a ɗakin girkin Muntari, inda ba a hura wuta yanzu. Ni kuma ina zuwa in zauna da Muntari, in tambaye shi kai tsaye ko tunanin nan ya dawo. Wata rana ya ce a'a. Wata rana ya ɗaga kai ya dubi zangarniyar, ya ce, "Ƙwari za su cinye ta." Irin wannan ranar ba na komawa gida, wajensa nake kwana.