Ƙasusuwan Ghali

Shekara arba'in Malam Shu'aibu ya yi yana haƙan kabari a Ba'awa. Mutum ne mai kaifin baki, in ya yanke magana ba mai tanka masa, amma ƙasa kam ya san ta. In zaizaya ta buɗe tsohon kabari, shi ake kira ya gyara. A haka ya gane cewa jigawa busar da gawa take yi, fadama kan riƙe kitse har ya yi fari kamar sabulu, jar ƙasa mai gara kuwa ko likkafani ba ta bari. Da ya ga ƙashi zai faɗi damina nawa ya yi, kuma da wuya ya kuskure.

Shekara bakwai da suka wuce ɗansa Ghali ya tafi Doguwa sayen masara, bai dawo ba. Shu'aibu ya yi wata shida yana cigiya, sannan ya tara iyali ya ce yaro ya rasu, a haƙura. Matarsa Balaraba ta ce jikinta bai ba ta ba. Ya daka mata tsawa, ya hana a sake tayar da zancen.

Bana wani manomi ya tono ƙasusuwa a bakin dajin Doguwa, 'yan sanda suka kira waɗanda nasu suka ɓata. Likitar da ke binciken ta jera ƙasusuwan a kan tebur. Shu'aibu ya ga ƙaurin hagu da tsohon ɗori a karkace. Shi ya riƙe Ghali ranar da aka yi ɗorin nan.

“Ɗana ne,” ya ce.

Ya ɗauki ƙashin ya juya shi. Da nauyinsa, da sauran maiƙo, saiwar ciyawa ma ba ta shige shi ba.

“Likita, wannan bai wuce damina biyu ba.”

“Haka na gani, Baba,” ta ce a hankali.

Ya kawo Ghali gida, ya haƙa masa kabari da hannunsa. Da masu gaisuwa suka watse, Balaraba ta tsare shi a ƙofar ɗaki.

“Malam, yaushe ya rasu?”

Ya so ya yi ƙarya, bakinsa ya ƙi.

“Damina biyu.”

Ta kalle shi, ba hawaye.

“Ashe shekara biyar yana da rai,” ta ce. “Kai ka ce a daina nema.”