Shaddar da Bello tela ya ɗinka mini

Ba na manta ranar da Bello tela ya dube ni ya ce, "Malam, wa kake nema?" Shekara huɗu muna zama benci ɗaya a asibiti.

Ku sababbi, ku san aikinmu. Mu ne masu bibiya. Wanda ke karɓar maganin ƙanjamau ya wuce ranarsa bai zo ba, Sista ta kira wayarsa. In bai ɗauka ba, sai a tura mu. Ni ban yi boko ba, ba na karanta kati. An ɗauke ni ne don ina da cutar, na sha tiramol, na bari, ban mutu ba. Doka ɗaya ce: kada maƙwabta su gane daga ina kake. Shi ya sa nake da wata shuɗiyar shadda yadi biyar a leda. Gidan tela in ce ɗinki na kawo, wani gidan in ce sayarwa nake.

Bayan ƙaramar Sallah ne, shekara uku ke nan. Bello ya yi wata biyu bai zo ba. Na same shi a shagonsa na Ƙofar Marke. Mutumin da bai taɓa rubuta awo ba, duk na unguwa yana kansa, ga shi riƙe da almakashi ya rasa inda zai sa. A ƙarƙashin keken ɗinki na hango fankon ƙwaya. Ɗinkin Sallah ya sa ya koma mata don ya kori barci.

Na koma na ce wa Sista Hauwa, shugabar sashenmu, "Ƙwaya ce. In ta sake shi zai zo."

Ta ce, "Umaru, yaushe ka zama likita? Koma ka kawo min shi yau."

Na nufi gidan Bello. Matarsa Luba ta san halin da yake ciki, ita ce aka rubuta mataimakiyarsa a asibiti. Ta ce dangi sun ce iska ce, gobe za a kai shi ƙauye. Na ce, "Uwargida, ara min shi wuni guda." Muka sa shi a tsakiya cikin keke napep, sai asibiti.

Likita ya ce ya riƙe kalmomi uku, ya maimaita bayan ɗan lokaci. Ɗaya ya kawo. Aka ɗebi jini. Sannan likita ya yi mana bayani. In aka bar magani, cutar kan ratsa har ƙwaƙwalwa, sojojin jiki su taso mata, wurin ya kumbura. Ƙwaya kuma fetur ce a kan wutar. Ga mantuwa ta sa ya daina shan maganin, rashin maganin ya ƙara mantuwar. Luba ta ce, "Likita, shina dawowa?" Ya ce, "Wani abu zai dawo. Nawa ne, ban sani ba."

Muka raba aiki. Luba ta ɗaura maganin da sallar asuba, ba ya tashi daga darduma sai ya haɗiye a gabanta. Likita ya kula da janye shi daga ƙwaya a hankali. Ni kuma duk Talata ina shago da ledata. Bello ya zage ni, ya kore ni, ya ce na fi kuɗin cizo naci. Na ce, "Zagi dai, tunda ka tuna sunana."

Wata takwas muna haka. Ranar wata Talata ya fizge ledar.

"Kawo tsumman nan. Shekara nawa kana yawo da shi awa ɗan koli?"

Na miƙe don ya auna ni. Ya ce, "Zamna. Na ɗinka maka riga shekarar da munka haɗu. Kafaɗa sha takwas, tsawo arba'in da biyu. Tumbi kaɗai ka ƙara, shi ko ido na gani."

Luba ta rangaɗa guɗa daga zauren gidansu da ke jikin shagon har mai shayin unguwa ya leƙo. Da ya ɗinka, rigar ta zauna mini cif.

Bai dawo duka ba. Yanzu yana rubuta awon baƙi a littafi, kuma ba ya karɓar ɗinkin gaggawa. Amma shagon a buɗe yake.

Abin da na koya: in mutum ya fara mantuwa, kada ka yanke masa hukunci a bakin ƙofa, kai shi a duba kansa da wuri. Da Sista ta gan ni da rigar, ta ce, "To, da me za ka riƙa ɓuya yanzu?" Na ce a saya min wata. Wannan ta gama aikinta.