Farin Man da Na Goge

Shekara tara ke nan da rasuwar Malam Iro mai wayarin, wanda yake gyaran wutar motoci a wata rumfa a bakin hanyar Tukur-Tukur. Abokina ne tun muna makarantar allo a Limancin Kona. Shi ya koyi aikin waya, ni na zama direba, na daɗe ina tuƙa wani dattijo na unguwarmu da muke kira Alhaji Babba. Karatuna bai yi nisa ba, kuma ban saba rubutu a jarida ba. Abin da ya sa na rubuta shi ne an ɓata wa Iro suna saboda ni, har ya koma ga Allah ban wanke shi ba.

Iro mutum ne da ba ya son ka tsaya a kansa kana kallo ba ka san abin da yake yi ba. Ranar da motar Alhaji ta ƙi tashi na kai masa, sai ya ciro wani ɗan abu baƙi da bai kai akwatin ashana ba, ya ce shi ne ya mutu. Ya ce a cikinsa akwai abin da ake kira transisto, mai ƙafa uku. Wuta kaɗan ce take shiga ta ƙafa ɗaya, ita ce take buɗe wa babbar wutar batir hanya ta sauran biyun, ta wuce zuwa kwayil. Kwayil ya sha wuta ya ƙoshi. Da an janye ƙaramar wutar, hanya ta rufe nan take, sai kwayil ya amayar da abin da ya tara da ƙarfin gaske zuwa fulogi, tartsatsi ya tashi, fetur ya kama. Ya nanata mini cewa tartsatsin ba lokacin da aka ba da wuta yake zuwa ba, lokacin da aka yanke ta ne.

Na ce ban gane ba. Ya ce, "Garba, kamar kan famfo ne. Yatsa biyu ke murɗa shi, ruwa mai yawa ya wuce."

Na ce, "A cikin birnin nan yaushe rabonka da ganin famfo ya kawo ruwa?"

Ya yi dariya ya ce, "To shi ya sa ba ka ganewa. Je ka sayo mana goro."

Na tafi sayen goro, kafin in dawo ya ɗaura sabo, mota ta tashi. Abin da ya yi a bayan idona ban gani ba.

Ni kuma an san ni da wankin mota. Ba na iya ganin ƙura a inji in ƙyale. Bayan kwana biyu, ina share cikin bonet, sai na ga wani farin abu ya ɓullo ta gefen sabon abin da Iro ya ɗaura, kamar man goge haƙori. Na ɗauka datti ne. Na kwance kusoshi biyun da suka riƙe shi, na sa tsumma da fetur na goge bayansa tas, na mayar na ɗaure. Har na ji daɗin aikina.

Washegari Alhaji zai je ɗaurin aure a wani ƙauye bayan Kufena, shi ne waliyyin 'yar ƙanensa marigayi. Muna cikin tafiya mota ta mutu. Na duba ban ga komai ba. Da ta huce na murɗa makulli ta tashi, muka ɗan taɓa tafiya ta sake mutuwa. Sau uku aka yi haka a cikin rana. Ko da muka isa an shafa fatiha, wani ya tsaya a madadinsa, mutane sun fara watsewa.

Sai da muka dawo, a rumfar Iro, Alhaji ya yi magana. Ya ce ya amince da shi, shi kuma ya saka masa jabu. Iro ya kwance ɗan baƙin abin ya juya bayansa, ya gan shi fes yana ƙyalli. Ya ɗago ya dube ni sau ɗaya. A lokacin na san ya gane. Ina da mata da 'ya'ya huɗu, kuma na san Alhaji ba ya riƙe direban da ya kunyata shi. Na sunkuyar da kai. Iro ya ce, "A yi haƙuri, ranka ya daɗe. Za a gyara." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Bayan Alhaji ya hau acaɓa ya tafi, Iro ya ɗauko irin farin man da na goge yana shafawa a hankali. Ya ce transisto yana buɗewa yana rufewa ba hutu muddin inji na aiki, saboda haka yana ɗaukar zafi sosai. Wannan farin man shi ke miƙa zafin ga ƙarfen da aka ɗaura shi a kai. In babu shi, zafin ya tsaya a ciki, sai ya daina aiki har ya huce, wata rana kuma ya ƙone gaba ɗaya. Sannan ya ce, "Wannan ba datti ba ne, Garba. Ka riƙa barinsa." Bai sake tayar da zancen ba har ƙarshen rayuwarsa.

Amma Alhaji ya maimaita maganarsa a ƙofar masallaci bayan la'asar, kuma shi mutum ne da ake jin maganarsa. Masu mota na unguwarmu suka koma wani wuri. Wasu har suna ce masa Iro jabu a bayan idonsa, ina ji. Duk ranar Juma'a ni da Iro muna cin abinci tare, ina shirya yadda zan faɗi gaskiya, in tashi ban faɗa ba. Ya yi jinyar mako biyu ya rasu. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa.

Motocin yau sun canza. Yawancinsu kowane fulogi da nasa kwayil a kansa, transiston ma yana ciki a rufe, ba a ganinsa. Mai gyara zai jona na'ura ta nuna masa wanda ya mutu, ya cire ya jefar ya sa wani. Ina tsammanin Iro zai yaba da saurin, domin ba ya ƙin sabon abu. Abin da zai dame shi shi ne mai mota ya tafi bai san me ya lalace ba, wani lokaci mai gyaran ma bai sani ba. Zai tsayar da su duka biyun ya yi musu bayani, ko suna so ko ba sa so.

A watan jiya na je wurin Alhaji Babba. Ya tsufa ƙwarai, ba ya fita sai masallaci. Na durƙusa na gaya masa komai. Sai ya ce, "Garba, shekara nawa ka bar ni ɗauke da alhakin bawan Allah?" Ya sa na riƙe masa hannu zuwa masallaci sallar la'asar. Bayan sallama ya miƙe da sandarsa ya ce ya yi wa Malam Iro ƙazafi, yana roƙon a shaida ya janye. Na dubi sahun. Cikin waɗanda suka ji maganar farko, mutum uku kawai na gani. Wani matashi a kusa da ni ya tambayi na gefensa wane ne Iro.

Rumfarsa yanzu shagon cajin waya ce. Bai bar gida mai bene ba, bai bar gareji da sunansa ba. Ya bar 'ya'ya biyar da suka girma suna jin abin da aka ce game da ubansu, kuma duk sun iya karatu. Su nake so su fara karanta wannan. Mahaifinku kaya mai kyau ya saka, aikinsa daidai yake. Ni Garba direba na lalata shi da hannuna, ya sani, ya rufa mini asiri, 'ya'yana suka ci abinci da shirunsa.

Allah ya jiƙan Malam Iro, ya haskaka kabarinsa. Ni kuma ina neman afuwarku.