Robar Birkin da Na Yanka da Hannuna

Shekarun baya, tun kafin hanyoyin gabas su lalace, ni da abokina muka ɗaure kaya a kan kekunanmu daga Bakori muka nufi duwatsun Kamaru. Mu biyu muka fita, ni kaɗai na dawo. Yau nake son in ba ku labarin yadda abin ya faru, har da ɓangaren da na daɗe ina tsallakewa.

Abokin nan nawa tare muka tashi, katanga ɗaya ce tsakanin gidajenmu. Sana'arsa dakon masara a keke. Buhu biyu yake ɗaurawa daga ƙauye ya kai kasuwa, ya dawo ko haki ba ya yi. Ni kuwa na taɓa yin wata uku a rumfar wani mai gyaran keke a Funtua kafin ya sallame ni saboda surutu, kuma wata ukun nan sun ishe ni in ɗauki kaina injiniya. Wata rana wasu Turawa, mata da miji, suka tsaya shan shayi a bakin titi da kekunansu shaƙe da kaya. Suka nuna mana hoton wasu duwatsu dogaye a tsaye kamar yatsun hannu, suka ce daga can suke. Abokina ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce, "Mutumina, in dai ƙafa ce ta kai waɗannan, mu me zai hana mu?"

Sai na yi muku bayanin wani abu game da mu. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, gangaren da muka sani bai wuce na bakin rafi ba. Don haka birki a wurinmu ado ne. Mai dako in zai tsaya, dunduniyar takalmi yake dannawa a taya, ko ya ja ƙafa a ƙasa. Da yawa ma kwance birkin gaba suke yi, wai yana goga idan kaya sun yi nauyi. In robar birkin baya ta cinye, ba mai sayen sabuwa, tsohuwar tayar mota ake yanka a ɗaura. Ni na shirya kekunanmu biyu kafin tafiya. Na kwance na gaba, na yanka roba da wuƙata na ɗaura a na baya, na buga sirdi na ce wannan har Makka sai ta kai mu.

Bayan an gama casar masara muka tashi. Muka bi ta Malumfashi muka shiga Kano, daga nan Gombe, Biu, har Mubi. Kusan mako biyu muka yi a hanya. Muna kwana a masallatai, muna jiƙa garin kwaki da ƙuli-ƙuli, inda muka tsaya yara su kewaye mu, manya su tambaya ko lafiyarmu ƙalau. Ban taɓa ganin abokina cikin farin ciki irin na kwanakin nan ba. Waƙa yake yi a kan keke, ga muryar ba daɗi, in na ce ya yi shiru sai ya ƙara ɗaga ta.

Muka ƙetare iyaka, muka kwana biyu muna hawa, rabi a kan keke rabi muna turawa. Muka ga duwatsun da idonmu, sun ma fi hoton. Da hantsin kwana na huɗu muka juyo, muka ɗauki wata hanyar da aka ce ta fi kusa. Inda gangaren ya fara akwai wani tsoho zaune gindin bishiya, yana jin Hausa kaɗan-kaɗan. Ya taso ya duba kekunanmu, ya matsa birkin, ya girgiza kai.

Ya ce, "Samari, nan ba a hawa. Ku sauka ku ja. In kuwa dole sai kun hau, ku sari reshe babba ku ɗaura a baya, yana jan ƙasa yana riƙe ku. Haka muke yi."

Na kwashe da dariya. Na ce, "Baba, mu da muke ɗaukar buhu biyu? Reshe kuma sai ka ce masu sharar titi?"

Abokina bai yi dariya ba. Ya leƙa gangaren, ya dubi tsohon, ya ce mini, "Anya ba mu ɗaura ba? Mutanen nan sun fi mu sanin ƙasarsu." Har ya zaro adda daga cikin kayansa.

Na ce, "Haba! Yau kai ne da tsoro? Wallahi in muka koma gida sai na ba da labari a majalisa, sarkin dako ya yi wutsiya."

Ya yi murmushi, ya mayar da addar. Wannan maganar tawa ce ta hana shi, ba wani abu ba. Ya hau ya wuce gaba, na bi shi.

Da farko daɗi ne, iska na kaɗa riga. Ba a jima ba na ji warin roba. Na matse birki har hannuna ya haɗe da ƙahon keke, gudun bai ragu ba. Ƙarfen taya ya yi zafi, robar da na yanka ta narke tana zamewa. Na sa dunduniya yadda muka saba, takalmin ya fizge ya tafi. Tsoro ya kama ni, a kwanar farko na watsar da kaina cikin wasu ƙayoyi. Na kurje fuska da kafaɗa, shi ke nan abin da ya same ni. Shi kuwa gwani ne, bai yarda ya faɗi ba. Ina kwance ina hango shi ya sha kwana ta biyu, ya sha ta uku, ƙafarsa ɗaya tana jan ƙasa. A ta huɗu hanyar ta karya hagu, keken ya miƙe.

Na gangara da ƙafa ɗaya ba takalmi. Na same shi a ƙasan wani dutse, tayar baya tana ta juyawa. Na kira sunansa, na kira, na ɗaga kansa na ɗora a cinyata. Ya riga ya cika.

Mutanen ƙauyen da ke ƙasa suka zo. Ba Hausa sai Fulatanci da yarensu, da hannu muke magana. Musulmin cikinsu ba su da yawa, amma suka kawo likkafani, waɗanda ba Musulmi ba suka haƙa kabarin. Ni da limaminsu muka yi masa wanka. A lokacin nan na ga dunduniyarsa ta dama, ta goge har ƙashi. Ya yi duk abin da muka iya. Kafin la'asar mun rufe shi, a garin da ranar na fara jin sunansa.

Mota na shiga na dawo. Na durƙusa gaban mahaifiyarsa na ce hatsari ne, keke ya ƙwace masa a gangare. Ta yi salati, ta ce ajali ne ya kira shi can. Duk wanda ya zo gaisuwa haka yake cewa, kwana ya ƙare, ƙasarsa ce a can. Har tausayina ake ji, ana cewa na yi ƙoƙari da na tsaya aka yi masa sutura. Na shige cikin kalmar nan ta ajali na ɓuya. Na san gaskiya ce, amma na san ba ita kaɗai ce gaskiyar ba.

Shekara shida ina ɗauke da abin. Na daina hawa keke, na daina zama majalisa. Kullum in na wuce ƙofar gidansu sai mahaifiyarsa ta kira ni ta ba ni fura, in karɓa in sha. Wata ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na shiga na same ta tana tsince wake a tsakar gida. Na ce, "Inna, akwai abin da ban faɗa miki ba." Na faɗa mata duka, birkin da na kwance, robar da na yanka, tsohon da ya gargaɗe mu, addar da ya zaro ya mayar saboda bakina.

Ba ta yi kuka ba. Hannunta ya tsaya cikin waken. Can ta ce, "To yanzu ka sauke, ko? Ka ji sauƙi?"

Ta ci gaba da tsince waken.

Ta ce, "Na yafe maka, Allah ma Ya yafe mana. Amma da ka bar ni da ajalin nan. Da shi nake samun barci."

Har yau in aka tambaye ni ko na yi daidai da na faɗa mata, ban san amsar ba. Abin da na sani shi ne, ban je don ita ba, don kaina na je. Nauyin ya ishe ni, na nemi wanda zai taya ni ɗauka, kuma duk garin nan ban ga kowa ba sai tsohuwar da ta fi kowa rauni a kansa. Wauta ta farko na yi ta da ƙuruciya da son a ce na iya. Ta biyun kuwa da gemuna na yi ta, ina ganin kamar gaskiya nake bi.

Ta yi shekara huɗu bayan nan kafin ta rasu. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, ko 'ya'yanta. Kullum na gaishe ta tana amsawa, har ta tambayi iyali. Sai dai tun ina yaro "ɗana" take ce mini. Daga ranar nan har ta koma ga Allah, "Malam" take kira na.