Fitila ta Biyar ta Baba Mai Wuta

Shekara ashirin da bakwai Baba Mai Wuta yana hura murhun gidan burodin da ke bayan tasha, har aka manta ainihin sunansa. Aikinsa guda ne, amma duk sauran a bayansa suke. Ƙarfe biyu na dare zai jera itace, ya kunna, ya jira har bulon ciki ya yi fari, sannan ya kwashe garwashi. Bai taɓa riƙe abin auna zafi ba. Bayan hannunsa yake miƙawa bakin murhu, ya ce "saura kaɗan" ko "ku zuba". Ranar da ya makara kuwa, kwaɓi ya kumbura ya wuce misali, ya yi tsami, masu shaguna su zo da asuba su tarar da kwanduna wayam.

A keke yake zuwa, wani tsohon baƙin keke mai 'yar fitila irin ta da, wadda ke goga taya tana kuka. Haskenta bai fi na ashana ba, kuma bai taɓa yin ƙorafi ba. To me zai yi da haske? Hanyar a ƙafarsa take. Ya san inda zai kauce wa rami, ya san inda zai daina taka feda keke ya gangara da kansa. Da za a ɗaure masa ido ma zai kai.

Sai aka zo shimfiɗa bututun ruwa, aka haƙe titin tun daga bakin layinsu har tasha. Yau tulin ƙasa a nan, gobe ya koma can, ramin jiya an cike an buɗe sabo. Dare na farko ya sha ƙasa, gwiwa ta saɓule. Bayan kwana huɗu ya sake afka wa tarin duwatsu, tayar gaba ta lanƙwashe, bai isa ba sai uku da rabi. Kwaɓin buhu biyu aka zubar.

Mai gidan burodin, wanda Baba ya sha ɗauka a kafaɗa tun mahaifinsa na da rai, ya ja shi gefe yana sosa ƙeya.

"Baba, wallahi nauyinka nake ji. Amma in aka kuma, dole in ba wani wutar."

Wanin nan kuwa ba ɓoyayye ba ne. Akwai wani ƙato cikin masu kwaɓi da ya daɗe yana zagaye murhun yana haɗiyar yawu.

"Fitila ce," in ji Baba. "Ka ba ni kwana biyu."

Nan ya shiga neman fitilar caji, kuma a nan ne abin haushin yake. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kallon wuta, da wuta ya san auna komai. In ya shiga shago, sai ya kunna fitila ya dallara wa idonsa da rana tsaka. In ta kashe masa ido har ya ga taurari, sai ya ce, "Yawwa, wannan da ƙarfinta." Ta farko ko minti arba'in ba ta yi ba caji ya ƙare, ta bar shi a tsakiyar hanya yana laluben ƙasa da ƙafa. Ta biyu ruwan sama ya shige ta, ta yi ƙyaf-ƙyaf ta mutu. Ta uku mariƙinta sakwa-sakwa, kowace gargada sai ta sunkuya tana haska taya. Waɗannan kam, tsakani da Allah, laifinsu ne. Ta huɗu fa? Babu abin da ya same ta. Cewa ya yi haskenta dishi-dishi, ya jefa ta cikin kwali a ƙarƙashin gado tare da 'yan'uwanta.

Tun daga nan yake fita da wuri, yana tafe a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, yana isa da ƙyar a kan lokaci, riga sharkaf da gumi. Akwai abin da bai gaya wa kowa ba. In magariba ta yi, sai ya dafa bango yake gane hanyar banɗaki. Ran nan ya tsiyaya shayi a gefen kofi, ya yi maza ya goge da hannun riga. Ya san sunan abin sarai, domin dundumi ne ya zaunar da mahaifinsa, rana na faɗuwa tsoho ya shige ɗaki kamar kaza. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, kuma in dai laifin na fitila ne, ai da sauran magani a kasuwa.

Mai facin bakin kasuwa, abokinsa tun ƙuruciya, shi ya gaji da gyara masa taya.

"Kai, wa ya ce maka da ido ake zaɓen fitila? Hanya za ka haska ko fuskarka? Tsofai-tsofai da kai!"

"To malamin fitilu, koya min."

Ya kuwa koya masa. Ya samo wata mai faɗin haske, wadda ke shimfiɗa shi a ƙasa har gefe da gefe. Ya nuna masa murfin robar da ke toshe wurin caji, ya tara ta a bakin famfo, ba ta ko ƙifta ba. Ya ɗaura ta da mariƙi mai noti, ya ɗaga gaban keken ya buga da ƙasa sau uku, tana nan daram. Sannan suka kunna ta suka ajiye agogo, ta yi awa huɗu cur kafin ɗan jan ɗigon da ke nuna caji ya kusa ƙarewa ya fito.

"In wannan ba ta yi maka ba, sai dai ka ɗauro farin wata a gaban keke," in ji mai faci. Ya yi dariya, sai kuma dariyar ta tsaya, ya ƙura wa abokinsa ido. "Ko dai ba fitilar ba ce?"

"Kai dai yi facinka," in ji Baba, ya ja kekensa ko sallama babu.

A daren nan ya bar ta a caji har ta cika. Matarsa, kamar kullum tun aurensu, ta tashi ta haɗa masa shayi a fulas. Ita ke raka shi bakin ƙofa ta sa sakata. Ya fito da keken, ya tsaya ɗaure fulas a baya, sannan ya danna fitilar.

Wani fari-fari ya gani a gabansa kamar hayaƙi, gefe da gefe kuwa baƙi ƙirin. Ya sake dannawa, ya kai ta matakin ƙarshe, duk kanwar ja ce.

"Ita ma dai sai a hankali," ya ce, don kada a ce bai ce komai ba. Ya waiwaya wajen ƙofa. "Maman yara, zo ki rufe, na tafi."

"Ga ni nan gabanka, Baban yara."

Daga cikin layi muryar ta fito, daga tsakiyar hasken.

"Taku goma tsakanina da kai. Farin mayafi ne a jikina, ina ɗaga maka hannu tun ɗazu. Hasken nan har hawaye ya sa ni."

Ya ji takunta har ta iso, ta dafa kan keken.

"Ta huɗun nan da ka yar, da ita nake zura zare a allura in an ɗauke wuta," ta ce. "Wata biyu ke nan ina kwashe maka kujeru daga hanya kafin ka shigo. Na rasa ta inda zan fara gaya maka."

"Kwaɓi na jira," in ji shi.

"In ka hau keken nan, to ta kaina za ka bi."

Bai taɓa jin ta yi masa magana haka ba. Ya so ya yi faɗa, ya nemi faɗan ya rasa. Ita ta kwance fitilar, ta jingina keken a cikin gida, ta kulle, ta kama hannun rigarsa.

Tafiyar da keke ke yi a minti ashirin da biyar, a ƙafa ta fi awa. Tana gaba tana cewa, "Rami a hagu. Ɗaga ƙafa, bututu ne." A wani wuri ta ja shi da ƙarfi ba ta ce uffan ba, sai da suka wuce ya ji tana salati ƙasa-ƙasa. Bai tambaye ta zurfin ramin ba. Duk hanya yana ƙirga lokaci a zuci, ya san biyu ta wuce, ya san da rabi ma ta wuce.

Suna karya kwanar tasha ya tsaya cak. Hayaƙi ne ya bugi hancinsa. Shekara ashirin da bakwai, bai taɓa jin warin murhun nan daga waje ba, domin kullum shi ne a bakinsa.

"An kunna," ya ce.

"Mu koma gida?"

Ya ɗaga kai ya sake shaƙa, ya daɗe a haka. Sannan ya share fuska da tafin hannu.

"Ɗanyen itace ƙaton nan ya sa a ƙasa, sakarai. Zai ƙona musu bayan burodi, ciki bai nuna ba. Mu ƙarasa in nuna masa yadda ake jerawa." Ya lalubo hannunta ya riƙe. "Kashe fitilar nan, Maman yara, ki rage cajin. Ke za ta yi wa amfani a hanyar komawa."