Jambaki a Ƙafar Kawu Tela

Tun tana rarrafe aka san yarinyar nan hannunta ba ya zama lafiya. Duk abin da aka ɗaure da noti, sai ta ga cikinsa. Ta kwance agogon bango, ta kwance tocilan, ta kwance rediyon ubanta daga fitarsa amsa sallama. Sunanta na gaskiya ya ɓace a gidan, kowa Uwar Ɓarna yake ce mata. In an biyo ta da bulala, wuri ɗaya take nufa: shagon kawunta, ƙanin uwarta, tela. Shi kuwa sai ya tare ƙofa da almakashi a hannu ya ce, "Ku bar min 'yata, ni na aike ta." Ƙarya yake yi, kowa ya sani.

Da ta gama sakandare da sakamako mai kyau, dangi suka ce likita za ta zama. Likitar da in ta ga jinin kaza sai ta nemi wurin zama! Ta ce ita injiniyan kayan asibiti za ta karanta.

"Shekara da shekaru a jami'a don ki fito bakanike?" in ji uwarta.

"Umma, injin da ya auna miki zuciya bara, in ya tsaya wa ake kira?"

"Wanda ya sayar musu mana."

"To, shi ma irinmu yake ɗauka aiki."

Haka kuwa aka yi. 'Yan ajinsu, wani ya tafi wurin injinan wanke ƙoda, wata tana kula da kwalaben da ake sa jarirai 'yan bakwaini, wasu kamfani ya kwashe su suna yawo da jakar kayan aiki. Ita aka tura ta koyon aiki a wani ɗaki bayan asibiti inda ake yin ƙafar roba. Ɗakin ƙurar filasta ce ko'ina, ƙafafu jere a kan kanta kamar masu su sun je su dawo. Shugabar wurin, wata doguwa da ba ta ɓata baki a yabo, ta ga aikinta ta ce ta zauna. Ta zauna.

Ba ta daɗe da kama aiki ba mota ta kwashe Kawu a bakin titi. Rai ya yi saura, amma ƙafar dama ta tafi daga ƙasan gwiwa. Da ya warke ya gwada taka keken ɗinki da hagu kaɗai. Keken ya riƙa juyawa baya, zare na tsinkewa, ɗinki na tafiya kamar maciji. Ya rufe keken da tsohon zane ya ce in damina ta wuce zai ba maƙwabcinsa, shi ya gama. Tela ba keke, me ya rage? Sai zaman tabarma da faɗa da kaji.

Uwar Ɓarna ta ce ba ta yarda ba. Ta auna dungun, ta ɗauki siffarsa da filasta, ta yi ƙoƙon da dungun zai zauna ciki, ta haɗa ƙafa. Ranar gwaji Kawu ya sa babbar riga. Ya miƙe, ya yi taku, shugabar na tsaye tana kallo.

"Kawu, ina yake maka zafi?"

"Zafi? Wannan ai ta fi wadda aka haife ni da ita."

"Kawu, ka faɗa. Aikin ke nan."

"Ke, ni ƙaramin yaro ne? Ta yi daidai."

Nan fa ya tafka kuskuren da sai mai ƙauna yake yinsa. A ganinsa, in ya ce akwai ciwo a gaban shugaba, ya zubar wa 'yarsa mutunci, ƙila ma a kore ta. Bai san a wannan sana'a ƙorafi shi ne awo ba. Ƙafar roba ba a gama ta a tashi ɗaya. Sai mai ita ya ce nan tana cizo, a goge, ya ce nan ta yi sako-sako, a cike. Shi da kansa in ya ɗinka riga, mai riga ya ce hammata ta matse, ai farkewa yake yi. Amma da abin ya zo kan 'yar yayarsa da ya goya, sai hankalin ya tafi kiwo.

Duk sanda ta kira shi a waya, "Lafiya lau, yanzu ma na dawo daga yawo." Ta gaji da wannan lafiya lau ɗin, ta je gidan da rana ba sanarwa. Ta tarar da Kawu a tabarma, sanduna a gefe. Ƙafar kuwa tana tsaye bayan ƙofa, an kifa mata hula, an rataya mata tef ɗin awo.

"Kawu, ita ce ta je yawon ita kaɗai?"

"Hutawa take yi."

Matar Kawu ta leƙo daga ɗaki. "Hutawa? Tun ranar da aka kawo ta take hutawa. Ya sa ta sau ɗaya ya cire yana haɗa gumi, ya ce in na faɗa miki ba ni ba shi."

"Wa ya tambaye ki?"

Uwar Ɓarna ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Mama, ara min jambakinki."

"Na me?"

"Kawu zan yi wa kwalliya."

Kawu ya ja da baya har bango. "Ke 'yar nan, da furfurata?"

Ta durƙusa, ta duba dungun, ta shafa jambakin a duk inda ƙashi ya taso. Ta sa masa ƙafar, ta ce ya miƙe ya taka zuwa ƙofa ya dawo. Ya je ya dawo yana murmushin dole. Ta cire ƙafar ta juya masa cikin ƙoƙon. Ga ja nan ya manne wuri biyu, ɗaya a gaba, ɗaya ta gefen waje, jawur.

"Nan da nan ne take cizonka. Ko ba haka ba?"

Kawu ya leƙa, ya sake leƙawa. Telan da ya yi rayuwarsa yana zana alli a yadi ai ya gane alama in ya gan ta.

"Ashe ku ma da alli kuke aiki," ya ce a hankali. "To ita shugabar taku, in ta ji?"

"Ita ta koya min. Cewa ta yi duk wanda ya ce ta yi daidai ranar farko, a bi shi gida."

Matar Kawu ta yi dariya har da riƙe ciki.

Aka koma ɗakin aiki, aka goge inda ya kamata, aka sake gwadawa, aka sake gogewa. Ta ce su je shago ta ga keken ma, don tafiya daban, taka keke daban. Ta nuna masa ya sa ta robar a gaban mataki, ta hagu a baya, ya danna daga gwiwa. Farko keken ya yi gardama. Can sai ya ɗauka, ƙararsa ta cika layin, masu shaguna suka fito suna leƙe. Maƙwabcin da aka yi wa alkawarin keke ya zo ya yi barka, fuskarsa ba yabo ba fallasa.

Yanzu matsalar ɗaya ce: Kawu ya koyi ƙorafi, ya kuma wuce gona da iri. Ba ya rufa mako bai bayyana a ɗakin nan ba. Ya zauna a benci cikin masu jiran gwaji, in ya ji wani sabo ya ce ta yi daidai, sai ya dungure shi da gwiwar hannu.

"Malam, faɗi gaskiya tun ba su shafa maka jambaki ba."

Sannan ya ɗaga murya. "Injiniya! Wannan diddigen yana min ƙara in na yi sauri."

"Kawu, saurin me kake yi?"

"Ɗinkin mutane na jirana a shago. Yi maza."