Na Jera wa Rabi Haruffan Kwamfuta

Jama'a, yau saura ƙiris na jawo wa 'yata asara!

Rabi ta bar kwamfutarta ta cinya a ɗakina, ta tafi kasuwar Gwaram. Na ga madannan sun yi datti. Na ɓalle su ɗaya bayan ɗaya, na goge su tas. Da zan mayar, na ce ai da ma a hargitse suke, sai na jera su daidai: A, B, C.

Na danna A don gwaji, sai Q ta fito! Ga shi yau ake rufe karɓar takardar neman aikin da za ta tura Birnin Kudu.

Ta dawo, ta duba, ta fashe da dariya. "Baba, ka mayar min da ita aji ɗaya!"

Ta zauna ta hau bugawa, tana kallona muna hira. Ko sau ɗaya ba ta dubi madannan ba! Takarda ta tafi.

Uwarta ta leƙo. "Malam, ba kai ka ce koyon kwamfuta zaman banza ne ba?"

Na ce, "Ni na faɗa, Hajiya, kuma na janye. A kawo wa malamata ruwan sanyi!"